Ramin 7 na sabon filin golf ɗin nan, wa aka gina wa shi?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce Allah ya yi na taka sabon filin nan da ake ta maganarsa, wanda wani bawan Allah ya gina da kuɗinsa can bayan Bukuru ta hanyar Barkin Ladi. Ba a shiga sai da mamba, wani abokina ne ya shigar da ni a matsayin baƙo. Tun da na dawo abin ke cina a rai shi ya sa na ce bari in kawo shi nan mu tattauna.

Tsakani da Allah wurin ya yi kyau, wannan ba wanda zai musa. Ba su fasa duwatsun ba, sun bar su yadda Allah ya ajiye su, ramin farko ma tsakanin manyan duwatsu biyu kake bugawa ƙwallo ta gangara da kanta, har tsohon shingen kyarana na gonakin da suka saya sun bar shi a gefen rami na 3. Na ji daɗin wannan ƙwarai don ka san a ƙasar Filato kake ba a wani wuri ba.

Amma da muka iso rami na 7 sai jikina ya yi sanyi. Rami ne mai bugu uku, wato wanda ake sa ran gwani ya gama da bugu uku, tsakaninka da girin, lallausar ciyawar nan da ramin ke ciki, akwai tsohon kududdufin kuza, kuma daga inda irinmu ke bugawa sai ƙwallonka ta yi tafiyar yadi 165 a sama kafin ta ga ƙasa. Ba hanya ta dama, dutse ne, ta hagu kuma sun bar ciyawa har gwiwa. Ga iskar hunturu tana dukan fuskarka kai tsaye. Ni handikaf ɗina, wato lambar da ke nuna ƙarfin ɗan wasa wadda ta gwani ce ƙarama, 21 ne, shekara goma sha ɗaya ina wasa, na jefa ƙwallo uku a ruwan nan a jere, na huɗu na ɗauka na sa a aljihu na zagaya da ƙafa. Wani dattijo da ke cikinmu, mutum mai shekara kusan saba'in, ya tsaya ya kalli ruwan ya kalli sandar da ke hannunsa sai ya miƙa wa kadi, yaron da ke ɗaukar masa jakar sanduna, ya ce mu je yaro. Ko bugawa bai yi ba. Wallahi wannan ne ya fi taɓa ni, mutumin da ya fara wasa tun ina firamare a ce an gina ramin da ba shi da rabo a ciki.

Mun fara ƙarfe 7:30 na safe ba mu gama ba sai bayan ɗaya na rana, wasan da ya kamata a gama cikin awa huɗu da 'yan mintuna. Tambayata ita ce, fili in an ce ya yi kyau, wahalarsa ake nufi ko kuwa kowa ya iya buga shi ya koma gida da marmarin dawowa?

Injiniya Bukuru:
Wa alaikumus salam Yallaɓai. Ni na buga shi sau huɗu kuma gaskiya ban yarda da kai ba. Shekara nawa muna kukan cewa 'yan wasanmu in sun fita waje sai su rikice saboda ba su saba da fili mai haƙora ba? Yanzu mutum ya zuba dukiyarsa ya kawo mana irin sa har gida kuma mu ce ya yi wuya. Kar ka manta Jos ta haura mita 1,200 sama da teku, iskar nan ba ta da nauyi, ƙwallo ta fi tafiya a nan fiye da Legas ko ma Abuja. Yadi 165 na Jos ba yadi 165 na Ikoyi ba ne. Ni da sandar ayon 6 nake tsallake ruwan nan ba tare da na yi wani ƙarfi ba. Kuma fili ne na mutum, ba na gwamnati ba, yana da ikon ya gina abin da ransa ke so.

Baban Sadik:
Injiniya handikaf ɗinka nawa don Allah?

Injiniya Bukuru:
5 ne yanzu.

Baban Sadik:
To ka gani. Ku nawa ne masu 5 a duk faɗin Jos? In ka tara duk masu wasa a filayen Rayfield da Lamingo ranar Asabar, mafi yawa irina ne, masu sha takwas, ashirin, ashirin da biyar. Su ne kuma za su biya kuɗin mamba, ba yara masu ƙarfin kafaɗa ba.

Maman Ilham:
Salam. Baban Sadik ka riga ni ne kawai, na daɗe ina son in yi maganar nan. Ni a Abuja nake zaune, a filin golf na IBB na koyi wasa, can ma ai akwai ruwa ba wai ban saba ganin ruwa a gabana ba ne. Da muka zo Jos hutun ƙarshen shekara maigidana ya kai ni filin nan. Ti ɗin mata, wato inda suke fara bugu, a rami na 7 sun matso da shi gaba amma duk da haka kadi ya ce min yadi 130 ne kafin tsallake. Ni direba ta, wato sandar da ta fi kai ƙwallo nesa, in na buga ta da kyau ƙwarai a sama ba ta wuce haka, sauran tafiyar a ƙasa take yi da gudu. To ta yaya ƙwallo za ta yi gudu a kan ruwa? Kuma abin da Injiniya ya faɗa na cewa ƙwallo ta fi tafiya a Jos gaskiya ne amma ga mai bugu da ƙarfi ne wanda ƙwallonsa ke tashi sama sosai, mu da ƙwallonmu ke tafiya ƙasa ƙasa ribar da muke samu kaɗan ce, sannan sanyin safiyar Disamba ya cinye ta. Wanda ya zana ramin nan bai taɓa tsayawa ya kalli mace ko tsoho suna bugu ba, iyakar abin da zan ce ke nan.

Tsohon Kadi:
Ranku ya daɗe manyana, ku ba ni dama in sa baki. Ni tun ina ɗan shekara sha biyu nake ɗaukar jaka, a nan na girma na koyi wasa har yanzu nake koya wa wasu, kuma yarana uku suna aiki a sabon filin nan kullum suna ba ni labari. Matsalar rami na 7 ba ruwan ba ne kaɗai, turakun alama da aka kafa a bakinsa ne. Sun sa turaku masu ruwan ɗorawa. A doka in turken ruwan ɗorawa ne ƙwallonka ta faɗa, ka ci tarar bugu ɗaya sannan ko ka sake daga inda ka buga ko ka koma baya a kan layi, wato dai dole ruwan na gabanka har yanzu. Da ja suka sa, in ƙwallo ta shiga ta gefe kana da damar ajiyewa tsawon sanda biyu daga inda ta tsallaka ka ci gaba da harkarka. Sannan ko da'irar ajiye ƙwallo ba su yi ba, alhali doka ta ba kwamitin fili dama ya yi ta. Shi ya sa Alhaji ya jefa uku a jere, ba laifinsa ba ne, ba a bar masa ƙofa ba.

Kuma Injiniya da girmamawa, ni na riƙe wa manyan 'yan wasa jaka na riƙe wa 'yan koyo. Mai kyau ba ruwansa da kududdufin nan, ko ganinsa ba ya yi, idonsa na kan tuta. Wanda ruwan ke ci shi ne mai rauni. To in tarko bai kama gwani ba sai mara ƙarfi, me ya gwada ke nan?

Injiniya Bukuru:
Malam ka yi magana mai ma'ana a kan turakun, wannan na karɓa, gyara ne na kwana ɗaya. Amma batun cewa kada a tilasta wa mutum tsallake ruwa ban yarda ba. Ku dubi rami na 17 a Sawgrass can Florida ta Amurka, girin ɗin kusan tsibiri ne ruwa ya kewaye shi, duk duniya ana kallonsa, ba wanda ya ce Pete Dye da ya tsara shi bai iya zane ba. Rami na 12 a filin Augusta na Amurka ma rafi ne a gabansa. Wasan nan dole akwai inda zuciyarka za ta buga, in babu wannan ai yawo ne kawai a lambu.

Abu Hanif Maitama:
Injiniya misalinka ya juya maka fa. Na 17 ɗin Sawgrass yadi 137 ne kacal, kuma wannan ga ƙwararrun duniya ke nan, baƙi na bugawa daga gaba da haka, sannan akwai wurin ajiye ƙwallo in ka faɗa. Na 12 a Augusta yadi 155 ne. Wato manyan 'yan wasan duniya ana ba su ƙaramar sanda a hannu sannan a ce su tsallake ruwa, mu kuma a nan an ba tsoho ɗan saba'in yadi 165 cikin iska. Kuma Augusta ɗin da ka ambata, duk da kulob ne na 'yan gata da ba kowa ke shiga ba, Alister MacKenzie da Bobby Jones da suka tsara shi a farkon shekarun 1930 fili suka yi mai faɗi, mamba mai rauni ya samu inda zai lallaɓa, gwani kuma ya sha wuya a kan girin wajen neman kusurwar da ta dace. Wahalar tana wurin mai neman maki ne, ba wurin mai neman ya gama rami ba.

Baba na Rayfield:
'Ya'yana sannunku da muhawara. Jikata ce ke karanta min tana rubuta abin da na ce. Filin Rayfield tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, shi ake ƙirgawa mafi tsufa a ƙasar nan. Lokacin da muka fara wasa ba mu san wani girin na ciyawa ba, burawun ne, yashi ne da ake cakuɗawa da mai a daddaɓe, in ƙwallonka ta hau sai yaro ya ja maka buhu ya share hanya daga ƙwallo zuwa rami sannan ka buga. Da rani ƙasa ta bushe ƙwallo ta yi ta gudu kamar ba za ta tsaya ba. Mun koyi buga ta ƙasa, ka sauke ta yadi ashirin kafin wurin ta gangara da kanta. Wannan shi ne wasan ƙasar nan, ƙasa mai tauri da iska. Yanzu in ka toshe gaban kowane girin da ruwa ko ramin yashi ka kashe wannan bugun, ka ce kowa sai ya bi ta sama. Ban je sabon filin ba kuma da abin da na ji ba na jin zan je. Ba fushi nake ba, Allah ya sa wa mai shi albarka a dukiyarsa, amma ƙafata da kafaɗata sun san iyakarsu.

Baban Sadik:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin da ka faɗa na gani da idona, a cikin ramuka 18 ɗin nan waɗanda gabansu ke buɗe da za ka iya turo ƙwallo ta ƙasa ba su fi biyar ba a ƙirgata. Ga girin ɗin da tauri kamar daɓe, na buga ƙwallo da kyau da sandar wej a rami na 11 ta sauka tsakiya ta yi tsalle ta fita ta baya cikin duwatsu.

Mai Ciyawa:
Wannan na taurin girin ku yi masa uzuri Alhaji, aikina ne na sani. Sabon girin haka yake ko'ina. Yadda ake gina shi, a haƙa a shimfiɗa bututu masu huji don jan ruwa, a zuba tsakuwa, sannan a kawo yashi da aka gauraya da ɗan taki mai kaurin kamar inci goma sha biyu a sama, a shuka. Shekarar farko da ta biyu ciyawar ba ta tara wannan laushin na ƙarƙashi ba, saiwa ba ta kama sosai ba, dole ƙwallo ta yi tsalle. In ana huda shi ana zuba yashi a kai a kai zai zauna. Ku ba shi damina biyu.

Abin da ni ya fi damuna shi ne irin ciyawar da aka zaɓa. Bamuda suka sa ko'ina, ita kuma ciyawar zafi ce, a Abuja ko Kano tana murna, amma sanyin Jos na Disamba da Janairu yana sa ta barci ta daina girma ta yi fari fari, duk inda sanda ta ɗebe ba ya cikewa sai zafi ya dawo. Da ni aka tambaya da na ce a sa ciyawar kikuyu a feyawe, wato yankakkiyar hanyar da ke tsakanin ti da girin, asalinta daga tsaunukan gabashin Afirka take, yanayinsu kusan irin namu, tana ɗaga ƙwallo sama kamar an ɗora ta a kan katifa wanda hakan taimako ne babba ga mai koyo. Aibinta tana mamaye wuri, sai ka yi ta yaƙi da ita kar ta shiga girin, kuma a bakin girin tana riƙe ƙwallo ba ta barinta ta gudu, to ka ga nan kuma ta saɓa da irin bugun da Baba ke so. Kowace da kuɗinta.

Sannan magudanan ruwa. Ku jira Agusta. Rami na 14 a kwari yake, duk ruwan da ya sauko daga dutsen nan can zai taru, in ba su yi aiki a ƙarƙashi ba keken wasa ma ba zai wuce ba.

Ɗan Lambu:
Ni ba na buga golf, ƙanena ne ya sa ni a zauren nan don yana kadi. Ku yi haƙuri in fito da abin da ba ku taɓo ba. Kuna ta maganar yadda ƙwallo za ta tsallake kududdufi, mu kuma wannan ruwan da irinsa shi muke ci da shi. Duk wanda ya san Jos ya san noman rani a kan kududdufan kuza yake, kabeji da karas da latas da tumatir da dankalin Turawa da kuke gani a Farin Gada ana lodawa zuwa kudu daga nan suke fitowa. Daga Nuwamba zuwa Maris ba a ruwan sama, ciyawar rami 18 kuma kullum sai ta sha. Daga ina za ta sha? Na ga injinan da suka kafa a bakin ruwan, bututunsu ya fi cinyata kauri. Mu da ƙaramin injinmu muke ja. Bana ruwan ya ja baya da wuri fiye da yadda muka saba, ban ce su ne kaɗai sanadi ba amma hankalinmu a tashe yake.

Injiniya Bukuru:
Malam wannan maganar taka ta fi duk wadda muke yi nauyi, kuma ba zan kare kowa a kai ba. Abin da na sani a matsayina na mai aikin ruwa shi ne akwai mafita in ana so. Ba dole ba ne a shayar da fili gaba ɗaya da rani, girin da ti su ne dole, feyawe a bar shi ya bushe ya yi ruwan ƙasa ba abin da zai same shi, da damina zai farfaɗo. Manyan filayen bakin teku na Sikotilan inda wasan ya samo asali haka suke yin ja da bazara kuma ba wanda ke ganin aibu ne. Matsalar masu kuɗinmu suna son kore shar kamar yadda suke gani a talabijin. Na biyu a haƙa tafkin tara ruwan damina na filin kansa, ruwan da ke sauka a Jos tsakanin Afrilu da Oktoba ya isa a tara mai yawa. Na uku a riƙa ban ruwa da dare ko da asuba ba da tsakar rana iska na kwashewa ba. In kuna da ƙungiyar manoma ku rubuta takarda ku kai ta hannun mai unguwa, ni zan taimaka da lissafin in kuna so, ba ko sisi.

Ɗan Lambu:
Na gode Injiniya Allah ya saka. Zan gaya wa shugabanmu.

Abu Hanif Maitama:
Kun ga abin sha'awa, in aka bar feyawe ya bushe kamar yadda Injiniya ya ce, ƙwallon Hajiya da ta Baba za su ƙara gudu, wato maganin manoma shi ne kuma maganin masu rauni. Sai dai rami na 7 yana nan yadda yake.

Tsohon Kadi:
Tunda an zo maganar kududdufin bari in faɗi abin da ke hana ni barci. Ruwan kuza ba kamar tafkin da aka haƙa don ado ba ne. Rami ne da aka ci ƙasa aka bari, bakinsa a tsaye yake, taku biyu ka shiga sai ka ji ba ƙasa, ga laka a ƙarƙashi ga sanyi. Mu 'yan Jos mun san yadda irin ruwan nan ke cin yara. Yanzu kullum ƙwallaye masu tsada na zuba a ciki, kuna tsammanin yaran unguwa ba za su shiga nema ba? Sun riga sun fara. Yarona ya ce da yamma in an tashi sai su tsallako ta bayan dutse su tuɓe su shiga, washegari su tsaya bakin titi suna sayarwa. Ranar nan na tare wani bai fi shekara goma sha uku ba, leda a hannunsa da ƙwallo takwas, leɓensa ya yi fari yana rawar sanyi, na ce kai ba ka tsoron Allah ba ka tsoron ruwa? Ya ce Baba kuɗin makaranta ne. Na rasa abin da zan ce masa. Duk ƙwallon da aka tilasta wa mutum ya jefa a ruwan nan kira ne ga wani yaro ya shiga. Don haka ni gyaran ramin nan ba maganar maki ba ce a wurina.

Maman Ilham:
Innalillahi. Malam wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma ni kaina na sayi irin ƙwallayen nan a bakin hanya ban tambayi daga ina suka fito ba. Daga yau na daina. Don Allah duk wanda ke da kusanci da masu wurin ya isar, a sa shinge ta bayan dutsen a sa mai gadi da yamma, in ƙwallayen ake so a fitar a samo raga da kwale-kwale manya su yi.

Baban Sadik:
Abokina da ya kai ni yana cikin kwamitin wasa, zan tura masa duk abin da aka rubuta a nan. Amma ina so in kai masa shawara takamaimai ba ƙorafi kawai ba. Malam kai da ka san ƙasar, in kai ne me za ka yi wa ramin?

Tsohon Kadi:
Ranka ya daɗe ba sai an taɓa girin ba, ba sai an cike ruwa ba. Ta hagu inda suka bar doguwar ciyawar nan akwai tudu mai faɗi, na san wurin tun ana noma acca a kai. A yanke ciyawar a mayar da shi feyawe, faɗin kamar taku talatin. Mai rauni ya buga yadi ɗari zuwa can, ya ɗan tsinko ta biyu ta hau girin, fot biyu, wato turi biyu a kan girin, ya tashi da huɗu, da handikaf ɗinsa ya samu makinsa ba ya jin kunya. Gwani kuma in yana son biyu ko uku dole ya bi ta kan ruwa kamar yadda Injiniya ke so. Sannan a ƙara ti guda can gaba ta gefen hagu don dattawa da mata da yara, daga inda ruwan zai zama a gefensu ba a gabansu ba. Aikin mako biyu ne da lebura goma.

Injiniya Bukuru:
Zan yarda da sabon ti da kuma jan turke. Amma tudun hagun nan ina da ja. In ka buɗe shi ya yi faɗi da yawa har mu ma za mu riƙa bin can ranar gasa in iska ta yi ƙarfi, ramin ya rasa kwarjininsa. Sai dai in za a sa ƙaramin ramin yashi tsakanin tudun da girin, yadda wanda ya kauce wa ruwa zai biya wani abu shi ma, bugunsa na biyu ya zama mai ɗan wuya. Kyauta ba ta da daɗi a wasan nan.

Maman Ilham:
Injiniya ka sake toshe mana ke nan. An ce a buɗe ƙofa kai kuma kana sa dutse a bakinta. Ai wanda ya bi ta hagu ya riga ya biya, bugu guda ya sadaukar.

Abu Hanif Maitama:
Hajiya ta fi ka gaskiya a nan. Amma akwai tsakiya, a sa ramin yashin ya rufe rabin hanya kawai ta ɓangaren da tuta ke zama ranar gasa, ɗaya rabin a bar shi a buɗe a turo ta ƙasa. Filin St Andrews na Sikotilan da ake kira gidan golf, ramin farko da na ƙarshe feyawe ɗaya suka haɗa mai faɗin da sai ka yi da gaske kafin ka kauce masa, amma har yau ana buga gasar Open a can ba wanda ya raina shi. Faɗi ba ya rage wa fili daraja.

Mai Ciyawa:
Ku dai tuna duk ramin yashin da aka ƙara aiki ne na har abada. Ruwan Jos in ya sauko da ƙarfi, wani lokacin har da ƙanƙara, yana wanke yashin ya gangaro ya cakuɗe da jar ƙasa, washegari mutum huɗu ne da shebur. Waɗanda ke akwai ma sun yi musu baki a tsaye da yawa. Ni da za a ji tawa, gangaren ciyawa gajera a yi a wurin maimakon yashi, ƙwallo ta riƙa zamewa tana komawa ƙasa in ba a buga daidai ba. Gwani zai sha wuya, mai koyo kuma ya ɗauki sandar fota ya turo abinsa.

Injiniya Bukuru:
To wannan zan iya zama da shi. Amma sai na ga tudun da idona, don a tunanina akwai shimfiɗaɗɗen dutse a ƙarƙashin ciyawar nan, in haka ne ba ciyawar da za ta kama sai an yi ciko mai yawa kuma lissafin mako biyu ya rushe.

Tsohon Kadi:
Dutsen yana can sama kusa da itacen turare, ƙasan duk jar ƙasa ce mai zurfi. Amma kar mu yi musu a waya, a je a gani.

Baban Sadik:
Na yi magana da abokin nawa yanzu, ya ce Asabar mai zuwa bayan la'asar in an rage wasa zai shigar da mu mu huɗu. Injiniya ka zo da abin awonka, Malam kai za ka nuna mana tudun da kuma inda yaran ke tsallakowa, Mai Ciyawa in kana gari ka zo da ƙarfen da kake soka ƙasa. Ɗan Lambu ka turo min lambar shugabanku ta akwatin sirri, ina so shi ma a ji ta bakinsa kafin a rubuta komai. Mu haɗu a Bukuru ƙarfe uku da rabi, mota ɗaya ta ishe mu.

Ɗan Lambu:
Na tura Alhaji. Ya ce in da hali ku biyo ta lambun tukuna ku ga inda ruwan yake a bara da inda ya koma yanzu, alamar na nan a jikin dutse.